Ba makin jarrabawa ne ya gajiyar da ni ba

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, barkanmu da war haka. Malama, ƙanwata, na ji saƙonki tun jiya, wai ko makin jarrabawa ne ya sa na yi zuru-zuru har ban tsaya taron rufe zango ba. To ni na san ba shi kike tambaya ba. So kike ki ji me ya kai ni zama da yara a aji bayan an tashi, alhali ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda zai ƙara mini ko sisi. Bari in amsa miki a nan, kowa ya ji.

Makin takardu tun yaushe nake yinsa, ai ya zama jiki. Makon ƙarshe kafin hutu shi ne mai cin rai. Mu manya mun ɗauka kowane yaro ɗokin hutu yake, nan kuwa akwai wanda makarantar nan ita ce kaɗai inda yake samun sakewa. Akwai wata yarinya a ajina, kada ma a tambaye ni wace ce. An tashi kowa ya watse, ita tana tsaye tana goge allo. Allon nan fa fes yake, amma sai gogewa take daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ce ki tafi gida mana, sai ta ce wane gidan? Ashe iyayenta sun rabu a zangon nan, har yau ba a faɗa mata wajen wa za ta yi hutu ba. Kashegari ga wani yaro, shiru-shiru ne wallahi, ya shaƙe wuyan abokinsa don kawai ana hirar abin da za a saya wa kowa. Mahaifinsa ya rasu bana, hutun farko ke nan babu shi. Ni kuma aka ce in rubuta rahoton faɗa.

Shi ya sa nake ta magana a kan insha'in nan, "Yadda zan yi hutuna". Shekara da shekaru ina cewa a cire shi, ana ce mini yana cikin tsarin zango. Wane tsari? Ki ba yaron da bai san inda zai kwana ba takarda ki ce ya cika shafi da labarin tafiye-tafiye? Ɗayan biyu zai yi: ko ya shirga ƙarya, ko ya miƙo takarda da sunansa kawai. Bana duka biyun na samu. Mai ƙaryar ma ya fi ba ni tausayi, don ya tsara ta tsaf, har da wanda zai tarbe su. Ga batutuwa nan birjik, a ce ya rubuta wasan da ya fi so, ko abin da ya koya a zangon, duk nahawun ɗaya ne. Amma a'a, sai wannan. Ranar da na kawo maganar a taro har dariya aka yi, wai na cika zurfafawa. To, Allah ya kyauta, ba ma shi zan faɗa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki lissafa da kanki, aji mai yara 42 kin ga 6 ke nan. Kuma gajiyar da muke ji ba ragwanci ba ce. A 2019 hukumar ta sa ta cikin kundinta na rarraba cututtuka. A'a, tsaya, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba. Alamu uku ta kawo: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranki, sannan ƙwazonki ya ja baya. Tun 1995 ma wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Charles Figley, ya yi rubutu a kan yadda mai sauraron baƙin cikin wasu kullum yake kwasar rabonsa. Ni dai a makon nan barci ya ƙaurace mini, ina kwance ina lissafin yara.

Tunda ke sabuwa ce, riƙe wannan. In yaro ya ce zai faɗa miki magana amma kada ki gaya wa kowa, kada ki yi masa alkawari. Ki ce za ki gaya wa wanda zai iya taimaka masa ne kawai. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ki sa kwanan wata, ki kai wa shugaba a ranar. Kada ki tsare shi da tambayoyi, ba bincike aka ba ki ba. Da a ce ofishin mai ba yara shawara yana nan, ai can za a tura su. Amma kowa ya san yadda aka mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, aka ce na ɗan lokaci ne. Har yau kujerun na nan.

Malam mai ajin kusa da nawa, kai ma akwai ɗaya a wajenka da nake so ka duba kafin a raba sakamako gobe. Kira ni kai tsaye bayan ka ji wannan, ba maganar guruf ba ce.