Shin 22/7 ita ce π?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji ɗaya na babbar sakandare. An koya mana cewa π lamba ce irrashonal, ba a iya rubuta ta lamba bisa lamba. Amma a jarrabawa sai a ce mu ɗauki π a matsayin 22/7, wadda kuwa lamba ce bisa lamba. Wanne ne daidai?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, 'yata. Abin da aka koya muku daidai ne. π ita ce abin da ake samu in aka raba kewayen da'ira da faɗinta. 22/7 ba ita ce π ba, kusa da ita kawai take. Raba 22 da 7, za ki sami 3.142857, π kuwa 3.141592 take farawa. Tun daga gurbi na uku bayan ɗigo suka raba hanya.

Lamba rashonal ita ce duk wadda za a iya rubutawa cikakkiyar lamba bisa cikakkiyar lamba, muddin ta ƙasan ba sifili ba ce: 3/4, ko 5 (ai 5/1 ce), ko 0.25 da take 1/4. Inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe shi ne zaton duk lambar da ba ta ƙarewa irrashonal ce. Ba haka ba ne. 1/3 tana ba da 0.3333 har abada, amma rashonal ce, don maimaita kanta take yi. Haka 22/7: lambobi shidan nan, 142857, su za su yi ta dawowa.

Akwai dalilin da ya tilasta hakan, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. In kina raba lamba da 7, saurar da za ta rage ba ta wuce daga 0 zuwa 6. In ta zo 0, rabon ya ƙare. In ba ta zo ba, saura shida kaɗai gare ki, dole wata ta sake fitowa, kuma da zarar ta sake fitowa, amsar ta koma kan sawunta. Saboda haka kowace lamba rashonal ko ta ƙare ko ta maimaita. Wadda ba ta yin ko ɗaya ita ce irrashonal.

π tana cikin waɗannan. Ba wai an gaji da lissafi ne aka haƙura ba; Johann Lambert ya kafa hujja a 1761 cewa babu wata lamba bisa lamba da za ta yi daidai da ita. Ita kuwa 22/7 tsohuwa ce: Arkimidis na Girka, tun fiye da shekaru 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna π ta fi 223/71 amma ba ta kai 22/7 ba.

Masu jarrabawa suna ba ku 22/7 don sauƙin aiki, musamman in faɗin da'irar na rabuwa da 7. Kuskuren kaɗan ne: a da'ira mai faɗin mita 100, kewayen zai ƙaru da kusan santimita 13 kacal. Ni dai na fi son malamai su riƙa rubuta alamar ≈ (wato kusan daidai) maimakon =, domin alamar daidai ɗin nan ce ke rikita yara.

Ki kuma kula da alamar √, wadda ke nufin lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da lambar da ke ƙarƙashin alamar. √2, wato 1.41421 da sauransu, irrashonal ce, amma √9 ai 3 ce, √(9/4) kuma 3/2. In an tambaye ki matsayin π, ki ce irrashonal. In 22/7 aka tambaya, rashonal ce.