Tambaya da Amsa: Wane Mutum-mutumi Ne Ya Fi Ƙarfi a MechWarrior 5?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina buga MechWarrior 5: Mercenaries a kwamfutar yayana. Har yanzu Centurion, mutum-mutumin yaƙin da aka ba ni tun farkon wasa, nake ja, kuma na ɗan tara kuɗi. Abokina ya ce kada in sayi komai sai Atlas, wai babu na biyunsa. Don Allah a jera mini waɗanda suka fi ƙarfi, in san inda zan zuba kuɗina. Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanina. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka.

Wannan wasa, da kamfanin Piranha Games ya fitar a 2019, ya ɗora ka a shekarar 3015 kana shugaban sojojin haya. Ka riƙe wannan da kyau: haya. Duk sulken da aka fasa maka, duk hannun da aka tsinge, daga aljihunka za a gyara, kuma bayan kowane wata uku ga albashin matuƙa da kuɗin kula da injuna suna jiranka. Saboda haka ni ba a filin daga kaɗai nake auna ƙarfin inji ba, har da abin da makanikai za su caje ni bayan an dawo.

In dai ni zan riƙe sitiyari da hannuna, King Crab na sa a gaba. Tan 100 ne, daidai da Atlas, amma yana ɗauke da babbar igwar nan AC/20 har guda biyu, ɗaya a kowane hannu, alhali Atlas ɗaya gare shi. Ka laɓe a bayan gini, ka bari maƙiyi ya kawo kai kusa, ka sakar masa duka biyun a tsakiyar ƙirji. Matsakaicin inji da wuya ya jure irin wannan sau biyu. Ƙarami kuwa, in ka same shi, magana ta ƙare. Sai dai igwoyin a ƙasa suke rataye, kusan daidai ƙugunsa. Idan akwai ɗan tudu tsakaninka da maƙiyi, za ka gan shi sarai ta gilashi, ka harba, harsashi ya nutse a ƙasa a gabanka. Ga faɗin baya da rokoki ke jin daɗin sauka a kai. Kuma ranar da aka cire masa hannu ɗaya, rabin ƙarfinsa ya tafi. Harsashin da yake zuwa da shi ma kaɗan ne, don haka abu na farko da nake yi shi ne in rage wani makamin in ƙara masa harsashi.

Atlas na biye da shi, samfurin AS7-D, mai kai kamar ƙoƙon kan mutum. Ba don duka na sa shi nan ba, don juriya ne. Yana da AC/20 ɗaya, da rokokin LRM 20 na jifan nesa, da rokokin SRM 6 na kusa, da matsakaitan leza huɗu, wato ko'ina maƙiyi ya tsaya akwai abin da zai taɓa shi da shi, amma babu inda ya yi fice. Gudunsa bai kai kilomita 50 a awa ba. Amfaninsa babba a wurina shi ne in ba ɗaya daga cikin matuƙa ukun da kwamfuta ke sarrafawa, ya shiga gaba ya sha wuta, mu kuma mu yi aiki a bayansa.

Yanzu ga wanda nake so ka dube shi da idon basira, domin mutane na wuce shi a kasuwa ba su waiwaya ba: Awesome, samfurin AWS-8Q. Tan 80 ne kawai. Makamansa bindigogin PPC uku ne, masu harba wani abu mai kama da walƙiya zuwa nesa, sai ƙaramin leza ɗaya da ba a lissafa shi. Babu harsashi ko ɗaya a jikinsa. Ka san abin da wannan ke nufi? Ba ya ƙarewa da makami a tsakiyar doguwar kwangila, kuma babu rumbun harsashin da zai kama wuta ya tarwatsa shi daga ciki, abin da ya sha kashe manyan injuna da sauran sulkensu a jiki. Abokin gabarsa zafi ne. An cusa masa na'urorin sanyaya 28, duk da haka in ka dinga sakin ukun a tare ba hutu, injin zai daina aiki saboda zafi ya bar ka tsaye a gaban maƙiya. Dabarar ita ce ka harba uku, ka harba uku, sannan ka harba biyu, ka bar shi ya huce. A lissafin duka shi ne na uku. A lissafin riba kuwa, da za a ce in sayar da duk abin da ke garejina in bar ɗaya, shi zan bari.

Annihilator fa? Igwa AC/10 huɗu, tan 100, duk abin da ya tsaya a gabansa ya shiga uku. Amma kilomita 32 yake yi a awa. A kwangilar tsaron sansani, inda maƙiya ne ke zuwa su same ka, ya dace ƙwarai. A kwangilar da za ka bi wurare da yawa kana rusawa, kafin ka isa na biyu jiragen sama da tankoki sun gama tsattsage ka. Stalker mai tan 85 makamai ne jibge a jikinsa, sai dai saurin ɗaukar zafi. Charger kuwa, samfurin CGR-1A1, ko kyauta aka ba ka ka kai kasuwa: tan 80 ɗauke da ƙananan leza biyar.

Sai abin da abokinka ya manta. Kowace kwangila tana da iyakar nauyin da za ka sauka da shi, kai da mutanenka uku gaba ɗaya, kuma sai can gaba ne iyakar ke kaiwa tan 400. A inda kake yanzu, in ka sayi Atlas, zai cinye kason kowa, ka fita da ƙato ɗaya da 'yan tsaki uku. Abin da ya fi maka shi ne Hunchback 4G, mai tan 50, wanda ke ɗauke da AC/20 ɗin nan dai a kafaɗar dama. Ka dinga juya masa gefen hagu idan ana harbinka, domin doron nan shi ne dukiyarsa. Daga nan ka sa ido a kan Marauder 3R ko Warhammer 6R, tan 75 da tan 70, kowanne da PPC biyu, kuma suna yin kusan kilomita 65 a awa. Za su ɗauke ka har tsakiyar wasa ba tare da sun talauta ka ba.

Manyan kuwa ba lallai sai da kuɗi ba. Lokacin ciniki da mai kwangila, ka zuba makin ciniki da wasan ke ba ka a kason ganima maimakon tsabar kuɗi. A filin daga in ka ga injin da kake sha'awa, kada ka fasa masa ƙirji. Ka karya ƙafafunsa biyu, ko ka auna kansa in hannunka ya faɗa, sai ya faɗi da yawancin makamansa lafiya. Gyaran kuma kada ka yi shi a yankin yaƙi, inda ya fi tsada ya fi ɗaukar lokaci. Ka ja shi zuwa yankin masana'antu, a can ne ma za ka fi samun igwar da za ka maye gurbin wadda ta lalace.