Ta ina wutar zuciya take bi idan reshen hagu ya toshe?

Ɗana, jiya muna naɗe wayoyin na'urar ECG, mai zana wutar zuciya a takarda, ka tambaye ni: in reshen hagu na hanyar wutar zuciya ya toshe, ta ina wutar take kaiwa ɗakin ƙasa na hagu, tunda dattijon nan da ƙafarsa ya shigo? Layi ya hana ni ba ka amsa. Ga ta yanzu, kuma ka ɗauko takardarsa ka ajiye a gabanka.

A lafiyayyar zuciya, wutar tana tashi daga ɗakin sama na dama, ta ɗan dakata a mahaɗar sama da ƙasa kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan, ta gangara igiyar His, sai ta rabu biyu, reshen dama da na hagu. Daga nan zaruruwan Purkinje, masu rarraba ta cikin ɗakunan ƙasa, su kwashe ta da gudun mita 2 zuwa 4 a sakan. Ɗakunan ƙasa biyu su matse kusan tare. Shi ya sa QRS, wato zanen kamawar ɗakunan ƙasa a takarda, yake fitowa siriri, milisakan 80 zuwa 100. Abin da nake so ka riƙe shi ne, bangon tsakiya, wanda ya raba ɗakunan ƙasa biyu, daga hagu yake fara kamawa zuwa dama, kuma wannan ne yake haifar da ɗan ƙaramin q ɗin, wato 'yar nutsewar farkon QRS, da kake gani a V5 da V6, wayoyin gefen hagu na ƙirji.

To, a zuciyar dattijon nan babban titin hagu a rufe yake. Ka san yadda gari yake komawa in an tare titi wajen Ƙofar Nassarawa, masu adaidaita su kutsa lungunan cikin gari? Za su isa, amma a makare. Haka wutar take yi. Ta sauka ta reshen dama, ɗakin dama ya kama a kan lokaci, sannan ta juyo ta ratsa bangon tsakiya daga dama zuwa hagu, wato a baibai. Ba ta da zaren gudu a nan, tsokar zuciya take bi, wannan ƙwaya ta miƙa wa waccan, kamar maƙwabta suna ba juna saƙo ta katanga. Gudunta a tsoka bai kai mita 1 a sakan ba. Tsallake bangon kaɗai yana cin lokaci, sannan ta rarrafa cikin ɗakin hagu, bangonsa na gefe can sama shi ne na ƙarshen samun labari.

Yanzu dubi takardar. Ƙirga faɗin QRS: kowane ƙaramin gida milisakan 40 ne, in takarda tana tafiya milimita 25 a sakan. Nasa gida huɗu ne, 160 ke nan, alhali daga 120 ake fara zargi. Ɗan q na V6 ya ɓace, domin bangon ya kama a baibai. A V1, wayar da ke dama da ƙashin ƙirji, layin ya nutse ƙasa da zurfi, saboda wutar baya take ba wannan wayar. A V6 da I da aVL kuwa, masu kallon zuciya daga hagu, tsayi ne mai faɗi, kansa da tsaga kamar ƙusumbi biyu, domin wutar tana nufo su a hankali. Kuma T, wato zanen sakin tsokar, ya juya wa QRS baya. Tsokar da ta kama a karkace, a karkace take saki.

Wannan juyin na T da ST, wato layin da ke tsakanin QRS da T, shi ne yake ruɗa sababbin hannu. Na taɓa ganin an tayar wa iyalin wata baiwar Allah hankali cewa jijiyar zuciyarta ta toshe, ashe tsohon toshewar reshe ne, shekara uku yana nan a takardarta ta baya. Akasin haka ya fi muni, a raina ciwon ƙirji na gaske a ce ai reshe ne kawai. Akwai ƙa'idojin Sgarbossa na 1996 da likitoci suke bi su bambance. Kai dai naka, in mutum yana dafe da ƙirji yana gumi, kai wa likita takardar da gudu, ka nemo tsohuwa in akwai.

A nan Kano yawancin waɗanda nake gani da wannan, hawan jini ne da aka daɗe ba a kula da shi ba, sai masu zuciyar da ta buɗe ta yi rauni. Matsalar ba a takarda ta tsaya ba. Bangon tsakiya ya matse ya gama, na gefe bai fara ba, ƙarfin turo jini ya ragu. Shi ya sa wasu ake dasa musu batir mai waya a ɗakunan ƙasa biyu don su riƙa matsewa tare.

Ranar Litinin dattijon zai dawo hoton zuciya. Ka zo da wuri ka tsaya kusa da allon, zan nuna maka yadda bangon tsakiya yake zabura shi kaɗai kafin sauran su motsa.