Na ba da kafin alƙalami wata biyar, har yau motar shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, na je wurin dilan Toyota na ajiye dala 1,000 kafin alƙalami a kan Sienna sabuwa, yau wata biyar kenan kullum sai a ce min ba ta iso ba. Abokina ya je wani dila daban bayana, cikin sati shida ya ɗauki tasa. Yaudara ce ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba lallai yaudara ba ce, amma akwai abin da ba su fito sun faɗa maka ba. Kuɗin da ka ajiye ba su sa masana'anta ta fara ƙera maka mota ba, layi kawai ka shiga a cikin kason da kamfani yake ba wannan dilan. Toyota a Amurka ba ta cika karɓar oda irin ta "ƙera min kaza da kala kaza" ba, ita take tsara abin da za ta ƙera, sannan ta raba wa dilolinta, galibi sau biyu a wata, dila sai dai ya nemi a ba shi irin wadda kake so, in an ga dama a ba shi. Sienna ɗin nan a Princeton ta jihar Indiana ake haɗa ta, kuma tun samfurin 2021 duk hayibirid ce, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki, masu nema sun yi yawa ƙwarai.

To ta yaya ake rabon? Wanda ya fi saurin sayarwa shi ake ƙara wa. Kamfani yana duba motoci nawa dila ya sayar a watannin baya da kuma kwana nawa mota take yi a filinsa kafin ta fita, babban dila mai juya kaya da sauri sai ya samu Sienna da yawa a zagaye guda, ƙarami kuma mota ɗaya ko biyu, wani zagayen ma babu ko ɗaya. Kamar gidajen mai ne lokacin wahalar fetur, kana iya zama na uku a layi amma in tanka ba ta zuwa gidan da kake, wanda yake na talatin a gidan da ake sauke wa kullum sai ya riga ka sha. Abin da ya faru da kai da abokinka kenan. Kuma Texas, jihar da Houston take, tana ƙarƙashin Gulf States Toyota ne, kamfani mai zaman kansa da ke rarraba motocin a jihohi biyar, don haka akwai wani mataki tsakanin masana'anta da dilanka.

Sai kuma kalar da ka zaɓa da kayan ciki. In ka kafe sai fara mai kujerun fata da jan ƙafa huɗu, motoci uku za su iya zuwa su wuce ka saboda ba su dace ba. Wani dilan ma, gaskiya, in motar ta zo yakan ba wanda ya yarda ya biya sama da farashin kamfani, ya bar ka a layi. Wannan ɗabi'ar ta yi ƙamari a 2021 da 2022 lokacin ƙarancin cif ɗin kwamfutar mota. Ko Ford da ke karɓar odar masana'anta ba ta tsira ba, a farkon 2022 sai da ta rufe karɓar odar ƙaramar motarta ta ɗaukar kaya mai suna Maverick saboda ta fi ƙarfinta.

Abin yi, ka koma ka nemi manajan sayarwa, ba yaron da ya rubuta maka rasit ba. Ka tambaye shi Sienna nawa ake ba su a wata, kai na nawa ne a layi, kuma ko an riga an ware maka mota, in an ware za su iya ba ka lambar shasi mai harafi da lamba 17. In babu lambar, to babu motarka tukuna. Ka duba takardar ko kuɗinka ana mayarwa, ka sa a rubuta farashi, sannan ka kira manyan diloli a Dallas da San Antonio ka tambayi motocin da aka riga aka ware musu suna hanya waɗanda wani bai riga ya kama ba. Ka sassauta kan kala, sau da yawa ita kaɗai ke riƙe mutum watanni.