Daga ina jar giyar inabi ke samun launinta?

Mai tambaya, ba rini ake zubawa ba, launin daga ɓawon inabin yake fitowa. A gonakin gado na Bordeaux a Faransa, wajen Satumba ake tsinke inabi, a cire karan, a farfasa, a zuba a tanki har da ɓawon, a nan ne launinsa ke shiga ruwan. Yis ke mayar da sukarin barasa, a zafin digiri 25 zuwa 30. In zafin ya zarce sosai sai yis ya mutu, aikin ya tsaya. Ɓawon kan taso sama, dole a riƙa jiƙa shi kullum, in ba haka ba ya yi tsami. Daga nan sai a zuba giyar a gangar katako mai lita 225, ta yi wata 12 zuwa 18, ana cike gibin don kada iska ta mayar da ita ruwan khal. A tebur, ana kawo ta a digiri 16 zuwa 18.