Yadda taronmu na ƙarfe biyar ya koma lokacin Magariba

Hamma, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali da duk mutanen Bolari.

Na saurari saƙonka har ƙarshe, kuma ɓacin ranka yana da dalili. Taron zumunta da muka tsayar ƙarfe biyar na yammacin Lahadin farko ta kowane wata, ka duba waya ka ga ya koma shida, lokacin da ake tsaka da sallar Magariba a Gombe, su Baffa suka gaji da jira suka tashi. Ka tambaya ko wani ne ya taɓa shi, ka kuma tambaya me ya hana mu na waje mu ce "bayan La'asar" kawai kowa ya huta. Ba wanda ya taɓa shi, Hamma. Agogonmu ne ya motsa, ya ja taron ya tafi da shi.

A nan Ingila sau biyu ake juya agogo a shekara. Lahadin ƙarshe ta watan Maris, da ƙarfe ɗaya na dare, sai a tura shi gaba da awa ɗaya. Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma a dawo da shi. Jamus ce ta fara a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, don a rage ƙona gawayin kwal, Ingila ta bi sahu a shekarar. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar a daina a 2019, amma har yau ana yi. Najeriya ba ta taɓa nata. Shi ya sa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogona da naka ɗaya ne, biyar a Manchesta biyar ce a Gombe. Da sanyi ya shigo sai ku wuce mu da awa ɗaya.

To, wanda ya fara shigar da taron a kalandar waya yana nan Ingila ne, kuma kalanda irin ta Google ko Outlook tana ɗaure duk taro mai maimaituwa da agogon garin da aka ƙirƙire shi. Ta riƙe biyar ɗinmu daram, ta bar taku ta zame zuwa shida. Da a wayarka aka ƙirƙire shi, da ku ne za ku zauna a biyar, mu mu koma huɗu. Dole ɗayanmu ya matsa, abin da ya rage shi ne a zaɓi wanda zai matsa ɗin.

Ni a ganina mu ne ya kamata mu matsa, kuma na faɗa wa na nan haka. Dattawa suna wajenku, yawan jama'a yana wajenku, agogonku kuma ba ya rawa. Mu mun riga mun saba, yaranmu ma sun san daren da ake samun ƙarin awa ɗaya na barci da daren da ake rasa ta. Biyar ɗinku huɗu ce a nan lokacin sanyi, mun idar da Magariba ke nan ko muna shirin yi, ba wani abin wahala. Su Adda da ke Shikago kuwa safiya ce a wajensu, sha ɗaya da zafi, goma da sanyi.

Gyaran bai da wuya, sai dai wanda ya ƙirƙiri taron ne ke da ikon yinsa, ko ya ba ka izini. Zai buɗe taron, ya shiga wurin gyara, kusa da inda ake sa lokaci akwai wurin zaɓar yankin lokaci, a wayoyi da yawa da 'yar alamar duniya. Kada ya nemi Gombe ko Abuja, da sunan Legas na'urori suka san agogon Najeriya gaba ɗaya. In ya zaɓi Legas sai ya sake duba lambar, ya tabbatar biyar ce, don wani lokaci in an canza yanki lambar ma takan juya. Wajen adanawa za a tambaye shi ko wannan taron kaɗai yake nufi, ko shi da duk masu zuwa. Masu zuwa zai zaɓa, in ba haka ba wata mai kamawa mu sake komawa gidan jiya. Abin da na fi so ma, Hamma, a goge tsohon gaba ɗaya, kai ka ƙirƙiri sabo daga wayarka ka aiko mana gayyata, tunda kai ne sakatare.

Yanzu batun "bayan La'asar". Wallahi babu kalmar da nake kewa kamarta. A gida in aka ce bayan La'asar, kowa ya san abin da ake nufi, a Janairu ne ko a Yuli, don Magaribar Gombe ba ta wuce tsakanin shida saura kaɗan da bakwai saura duk tsawon shekara. Mu nan a watan Disamba ana La'asar tun wajen ɗaya da rabi, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Mai aikin ofis yakan yi Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin aiki, ya fito gida cikin duhu ya koma cikin duhu. A watan Yuni kuwa La'asar sai bayan biyar, Magariba sai tara da rabi ta wuce, yara sun yi barci rana na waje, a yi Isha wajen sha ɗaya, kafin ka runtsa Asuba ta yi. Ka ga in na ce wa maƙwabciyata ta zo bayan La'asar, da sanyi na kira ta lokacin da ba ta tashi daga aiki ba, da zafi kuma na kira ta lokacin abincin dare. Saboda haka kowane gidan Bahaushe da za ka shiga a nan, za ka tarar da takardar lokutan sallah ta masallacin unguwa liƙe a jikin firji, ana canza ta duk wata. Ba sakaci da sallah ba ne ya sa muke ƙidaya da lambobi. Tsoron kada ta kuɓuce mana ne.

Haka ma abin da ka taɓa yi mana tsiya a kai, wai ko ziyara sai mun rubuta a kalanda kamar masu ganin likita. Gaskiya ne muna rubutawa. Yawancinmu aikin karɓa-karɓa muke yi, wani dare wani rana, ga kai yara makaranta da ɗauko su, babu kaka ko ƙanwa a tsakar gida da za a bar wa. In ba a tsayar da rana ba, sai a yi wata uku ba a ga juna ba alhali gari ɗaya ake. Suna, ta'aziyya, walimar sauka, duk sai an aika da rana da lokaci tun da wuri don mutane su nemi hutu. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Sallah ce kaɗai kalanda ta kasa riƙe mana: ku kuna jiran sanarwar Sarkin Musulmi, mu nan wasu masallatai Saudiyya suke bi, wasu Maroko, wasu ganin wata na nan ƙasar, don haka da yawanmu hutun kwana biyu muke nema a wurin aiki.

Daga nan muka ɗauki wata ɗabi'a da nake so ku ma ku ɗauka a zauren WhatsApp na dangi: ba ma faɗin lokaci tsirara. Sai mu ce biyar agogon Gombe, ko huɗu agogon Ingila. Amfaninta ya fi fitowa a watan Maris, domin Amurka ba rana ɗaya take juya nata da mu ba. Tun 2007 suna turawa ne Lahadi ta biyu a Maris, su dawo Lahadin farko ta Nuwamba. A 2026 ke nan su ranar 8 ga Maris, mu sai 29 ga wata. Mako uku cur tazarar da ke tsakanina da Adda ta ragu da awa ɗaya, kuma a irin waɗannan makonni ne karatun Alƙur'ani da yaranmu ke yi tare a intanet yake rikicewa, in ba da agogon malaminsu na Gombe aka ɗaure shi ba.

Akwai kuma tarkon matafiyi, wanda ya fi wannan ciwo. Mutum yana nan da sanyi, aka aiko masa katin ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya a Gombe, ya shigar a waya bai zaɓi Legas ba. Yana sauka a Abuja waya ta ɗauki agogon gida, sha ɗayan nan ta zama sha biyu. Kai ka san ɗaurin aure, minti goma an shafa fatiha an watse. Mutum ya biya kuɗin jirgi tun daga Ingila, ya iso ana raba goro. Don haka duk abin da za a yi a wani gari, da yankin lokacin garin ake shigar da shi tun daga farko. Kai ma ka riƙe wannan don Umrar da kake shiri: Saudiyya ta wuce Najeriya da awa biyu, ba ta juya agogo, kuma lokacin da ke jikin tikitin jirgi na garin da filin jirgin yake ne, tashi da agogon Kano ko Abuja, sauka da agogon Jidda.

Ka aiko da sabuwar gayyatar kafin taron Disamba, da kwanaki, don kowa ya buɗe ya ga lambar da ta fito masa. A wayarka biyar za ka gani, a tawa huɗu, a ta Adda goma na safe. Duk wanda ya ga saɓanin haka ya yi magana a zaure a duba wayarsa.

Ƙanwarka, daga Manchesta.