Ga ɗan'uwan da ya tambaya kan zafin addinin ƙaninsa a Agege

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙaninka ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ba ya rasa majalisin wa'azi, kana fargabar kada ya zarme. Waɗannan ba su ne ma'auni ba. Annabi (SAW) ya siffanta Khawarijawa, masu wuce iyaka a addini har su kafirta Musulmi, da cewa mutum zai raina sallarsa idan ya gwada da tasu, amma duk da haka sun kauce. Abin dubawa shi ne inda yake kai fushinsa, da kuma wanda yake karantar da shi.

Duba batun hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Kishi ne mai zafi ya tashe shi, amma MSSN, Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, kotu ta nufa don ƙalubalantar hana ɗalibai mata sa hijabi. Babbar Kotun jiha ta ƙi amincewa a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙinsu a 2022. Shekara da shekaru ana bin shari'a ba a ƙone aji ko ɗaya ba. Shi kuwa Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram a Maiduguri, da haramta boko da aikin gwamnati ya fara, sai kafirta masu yi, har aka kai ga zubar da jinin 2009. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi masa raddi a fili tun kafin a kashe Shehin a Kano a 2007. Kafirta Musulmi ita ce ƙofar da jini ke biyowa.

Saboda haka ka sa ido. Ya daina bin limamin unguwa salla? Yana kiran iyayenku mushrikai? Malaminsa sananne ne mai zaure da littattafai, ko muryoyi ne da ake turo masa ta WhatsApp da Telegram? Idan ya fara ɓoye waya, yana cewa duk malamai 'yan gwamnati ne, to, abin ya fara nisa.

Kada ka yi masa ba'a a gaban mutane, kuma kada a kore shi daga gida. Wanda aka kora hannun masu farautarsa yake faɗawa. Kai shi wurin malamin da shi kansa yake girmamawa, wanda ya iya usulul fiƙhu, wato ƙa'idojin fitar da hukunci daga Alƙur'ani da hadisi, su zauna su buɗe littafi. Sannan a ɗora masa nauyi: karantar da yara a Islamiyya, raba zakka, ko duba marasa lafiya a asibitin Idi-Araba tare da kwamitin masallaci.